A kawo mana labarin Don Baker

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shafinku na nishaɗi ya kawo tarihin Don Baker, mutumin Dublin ta ƙasar Ailan, wanda aka haifa a 1950.

Na fara ganinsa a fim ɗin In the Name of the Father na 1993, inda ya fito a matsayin Joe McAndrew, fursuna mai sanyin magana da ban tsoro. Daga baya na gane asalin sana'arsa busa harmonika ce, 'yar ƙaramar abin busan nan da ke ɓacewa cikin tafin hannu. Kiɗan bulus yake yi, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙago. In ya rufe ta da hannu biyu yana buɗewa a hankali, sai ka rantse mutum ne ke kuka.

Abin da ya fi taɓa ni, a gadon asibiti ya fara busa ta, yana yaro, tarin fuka ya kwantar da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Kullum ina ganin irinsa sun zuba wa silin ido, ba abin wasa ko ɗaya a hannunsu.

Ya kuma rubuta littattafan koyon busa. Don Allah ku haɗa da wannan.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya