Wasiƙar Makaranta Zuwa ga Iyaye: Tafiyar Dagona

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Maganar ziyarar 'yan aji uku zuwa Dagona ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mota za ta tashi Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, amma har yau takardun amincewa da yawa ba su dawo ba. Wasu na cikin jakar yara, sun sha man ƙosai. Duk yaron da takardarsa ba ta iso ofis ranar Laraba ba, ba zai shiga mota ba, kuma kada a aiko mini da ɗan roƙo.

Na ji wani uba na cewa, "A kwashi yara don kallon tsuntsu?" To, Alhaji, Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, shi ne mashigar tafkin da ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi, a fadamar Haɗeja da Nguru. Da hunturu agwagin ruwa ke tserewa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su sauka nan, su tarar da dinya, kirinjijiya da zalɓe. Marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya zo wurin a 1989. Mu da ke kusa, yaranmu sai a littafi suke jin labarinsa.

Kuma ba tsuntsu kaɗai ba ne. Yara za su ga yadda masunta, manoman shinkafa da makiyaya ke cin abinci daga ruwa ɗaya, su ji daga bakinsu yadda ambaliya ta ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa, da yadda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin ruwa. Malamin labarin ƙasa ya je da kansa ya gaida mai gari, ya shirya da ma'aikatan gandun. Allah ya saka masa da alheri. Da kowa na aiki irin nasa, da na huta.

A sa wa yaro rigar sanyi, a ba shi ruwan sha da guzuri. Za a caje jakunkuna, danƙon harbi kuwa idan na kama, ya zama nawa. Babu wanka, babu shiga ruwa ko da zuwa idon sawu, saboda tsargiya. A ja musu kunne kan gaisuwa, garin mutane za mu. 'Yan mata na hannun malamarsu, kun san ba ta wasa.

Jarrabawar zango na nan yadda aka sanar. Masu makara sun san kansu. Taron iyaye da malamai sai mun dawo.

Wassalam,
Shugaban Makaranta