Port giya ce mai ƙarfi, a daina kiranta ruwan inabi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi gyara a kan wata fassara da nake yawan gani a rubuce-rubucenmu na Hausa, inda ake kiran Port, abin shan nan na ƙasar Fotugal, "tsohon ruwan inabi". Wanda ya ji haka zai ɗauka lemon kwali ne. Port giya ce, kuma don Allah a riƙa rubuta ta a haka. Barasar cikinta takan kai kashi 19 zuwa 22 cikin ɗari, alhali giyar inabi ta yau da kullum ba ta cika wuce kashi 12 zuwa 14 ba. Zaƙin Port ne ke ɓoye ƙarfinta. Musulmi na da haƙƙin sanin wannan don ya kiyaye, ɗaliban aikin otal kuma su san abin da ake magana a kai.

A kwarin kogin Douro, arewacin Fotugal, ake noman inabin, kan tsaunukan da aka sassare kamar matakala. Tun 1756 gwamnatin ƙasar ta shata iyakar yankin. A al'adance ana zuba inabi irin su Touriga Nacional da Touriga Franca a faffaɗan komin dutse, a tattake da ƙafa, domin ƙafa na fasa 'ya'yan ba tare da ta murƙushe ƙwayar ciki mai ɗaci ba. Bayan kwana biyu ko uku yana tsima, kusan rabin sukarinsa ya juye barasa, sai a kwara masa barasa mai ƙarfin kashi 77, wajen lita 115 a kan lita 435, a cika ganga mai cin lita 550. Nan take yis ɗin da ke juya sukari zuwa barasa ya mutu, tsimar ta tsaya, ragowar sukarin ya zauna a ciki. Ga asalin zaƙin, ga asalin ƙarfin.

Wadda aka rubuta wa Vintage a jikin kwalba ita ce mafi tsada. Amfanin shekara ɗaya tak ake yi da ita, kuma sai shekarar ta yi kyau matuƙa, kamar sau uku a shekara goma. Masu sana'ar na yawan ambaton 1945 da 1963 da 1977 da 1994 da 2011. Shekara biyu zuwa uku take yi a ganga, sannan a ɗura ta a kwalba ba tacewa, ta ci gaba da nuna har shekara 20, 40, ko fiye.

Rashin tacewar nan shi ne tushen duk wahalar buɗe ta. Laka baƙa ƙirin na taruwa a ciki tsawon shekarun. Kwance ake ajiye kwalbar don toshiyar bakinta, wadda ɓawon itace ce, ta zauna a jiƙe, a wuri mai duhu da sanyin digiri 12 zuwa 14. Wasu kamfanoni kan shafa farin fenti a gefe ɗaya, wannan gefen ne ke kallon sama, don lakar ta kwanta waje guda. Zafi irin namu na bazara kuwa ɓata ta yake yi: ruwan ya kumbura, ya tura toshiyar, ka ga danƙo ya tsattsafo a wuyan kwalbar, ɗanɗanon ya koma kamar na dafaffen abu. Idan kuma warin jiƙaƙƙen kwali ya tashi bayan an buɗe, toshiyar ce ta ɓata ta, babu gyara.

Kwana ɗaya kafin a buɗe sai a tsayar da kwalbar, lakar ta gangara gindi. Toshiyar da ta shekara talatin ta riga ta yi taushi, mabuɗi mai murɗawa yakan ragargaje ta cikin giyar. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani awartaki na musamman. A sa bakinsa a wuta har ya yi ja, a maƙe wuyan kwalbar daidai ƙasan toshiyar na kusan minti ɗaya, a cire, a shafa wurin da gashin tsuntsu ko ƙyalle da aka tsoma a ruwan sanyi. Gilashin zai yi ƙas ya rabu sumul, toshiyar na cikin guntun. Idan ƙarfen bai yi zafi sosai ba wuyan ba zai rabu ba, idan aka matsa da ƙarfi kuma ya tarwatse.

Daga nan sai a tsiyaye ta cikin tulun gilashi, a hankali, zubi ɗaya ba ɗagawa, don in an ɗaga kwalbar lakar za ta sake gaurayewa. Akan kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan, da zarar an ga baƙi ya fara gangarowa sai a tsaya. Ɗan abin da ya rage a gindi asara ce da aka yarda da ita. Wasu na shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a mazurari saboda burbushin toshiya.

A digiri 16 zuwa 18 ake shanta, kaɗan a ƙaramin kofi, kamar mililita 60. In ta fi haka ɗumi barasar ce za ta doki hanci ta rufe ƙamshin. Sabuwa baƙa ce mai shunin shuɗi, da bauri irin na ɗanyen kanya. Tsohuwa kuwa gefenta ya koma launin jan bulo, baurin ya kwanta, ƙamshin ya karkata wajen busasshen ɓaure, dabino, kanumfari da jemammiyar fata. Turawan Ingila, waɗanda suka daɗe a cinikinta, sukan haɗa ta da cukunsu na Stilton, suna miƙa tulun ta hannun hagu a teburi.

Tsohuwar Vintage ba ta jure iska. Kwana ɗaya ko biyu bayan buɗewa ƙamshinta ya gushe, saɓanin nau'in Tawny da ya tsufa a ganga, wanda kan kai makonni a firji bai canza ba.

Naka mai karatu,
daga Jos