Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Son Sandar Giya Mai Gajeren Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da iyayen gidanmu, da ku samari masu motocin gudu, muna gaishe ku daga garejinmu da ke nan Birnin Kebbi, da fatan iyali lafiya. Dalilin wannan wasiƙa shi ne yawan tambayar da ake yi mana a kan sandar giyar nan ta kasuwa da ake kira shot-shifta, mai rage tafiyar hannu wajen sa giya. Wasu har sun riga sun saya ta intanet sun kawo mana a kwali, sun ce a ɗaura yau. Muna ɗaura ta, kuma muna jin daɗin aikin. Amma ba kowace mota muke karɓa ba, ba kuma kowace sanda ba, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani tun kafin mutum ya kashe kuɗinsa.

Duk wanda ya san jigon ban ruwa a fadama ya riga ya fahimci rabin maganar. Sandar giya tana da wata ƙwallo a tsakiyarta, a kan ƙwallon take juyawa. Sama hannunka ne, ƙasa kuma shi ke tura giyar. Ɗauki misali: sama santimita 24, ƙasa santimita 6. Idan ƙasan na bukatar ya matsa santimita 2 kafin giya ta shiga, hannunka zai yi tafiyar santimita 8. Sabuwar sandar tana ƙara tsawon ƙasan ne. Ya zama santimita 8 maimakon 6, sai tafiyar hannu ta dawo santimita 6. An rage kashi 25 cikin 100 ke nan. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna rage tsakanin kashi 20 zuwa 40. Sai dai abin da ka rage a tafiya za ka biya shi da ƙarfi: a wannan misalin, nauyin da hannu zai ji ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Babu kamfanin da ya iya kauce wa wannan lissafin, komai tsadar kayansa.

Don haka ku ji mu da kyau. Ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, ba ta rage shan mai, ba ta taɓa komai a cikin giyabos. Abin da take sauyawa shi ne yadda giya ke zama a hannu: gajeriyar tafiya, ka ji ta shiga ƙas, babu lilo. Ga mai son tuƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne, mu ma mun sani. Amma wanda aka ce masa motarsa za ta riƙa tashi kamar jirgi, an yaudare shi.

Inda muka fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne cikin giyabos. Kusan kowace giya tana da wani zobe, galibi na tagulla, ana kiransa sinkuro. Aikinsa ya daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu, kuma yana bukatar ɗan lokacinsa, ko da ƙiftawar ido ce. Gajeriyar sanda tana sa hannu ya isa da wuri, zoben kuwa gudunsa bai sauya ba. Direban da ke fizgar giya daga ɗaya zuwa biyu yana danna ta da ƙarfi, shi ne ke cinye zoben nan. Idan muka kwance irin wannan giyabos, za ka ga man ya fito yana ƙyalli da garin tagulla, ƙananan haƙoran zoben da ya kamata su yi tsini sun zama dunƙulallu, ka shafa da yatsa ka ji sumul. Daga nan sai sauke giyabos gaba ɗaya, kuɗin da ya ninka na sandar sau da yawa. Abin yana yi mana ciwo, domin mota ce mai lafiya aka kashe da hannu.

Saboda haka duk motar da ta zo, sai mun fita da ita tukuna. Idan giya ta biyu ko ta uku tana ƙara kafin ta shiga, ba za mu ɗaura ba, ko da mai motar ya ce ya yafe. Haka idan kuloci ba ya sakin giya sosai: sai mun duba mastansa na sama da na ƙasa, wato famfunan man da ke tura shi, mun fitar da iska, mun ga ko faranti ya ci. Sau da yawa ma wanda ya zo yana kukan giyarsa ta yi lilo ba sabuwar sanda yake bukata ba. Motocin da ke shigo mana ta Kwatano sun kwana biyu, zafin bazara na sama da digiri 40 da ƙurar hunturu sun gama da robobin da ke riƙe sandar. Ka ciro bushin ka ga ya farfashe a tafin hannu. A sa sabo, a shafa giris, sai mai mota ya ce ai abin da yake nema ke nan. In haka ne za mu gaya maka, ka riƙe kuɗinka.

Aikin ɗaurawar ya danganta da ƙirar mota. A irin su Mazda MX-5 da Nissan 350Z sandar tana kusa da giyabos, yawancin aikin daga cikin mota ake fara shi: a cire kan giya, a ɗaga murfin tsakiya, a kwance robobin da ke tare zafi da ƙura. MX-5 tana da wani ɗan kofi da ƙasan sandar ke zama a ciki, a tsofaffin samfurin yana da man giyarsa na daban. Da yawa mukan tarar da shi a bushe, robar ciki kuma ta yage, shi ya sa zafi ke dukan hannun direba. 350Z kuwa giya shida gare ta, kuma tana da wani ƙaramin faranti da ke hana ka faɗawa ribas lokacin da kake neman giya ta biyar ko ta shida. In ba a saita farantin nan daidai ba, ko dai giyoyin su ƙi shiga, ko hanyar ribas ta zauna a buɗe. Wannan wurin ba ma barin yaro shi kaɗai a kansa.

BMW E36 da E46 sai an shiga rami. Akwai sandar ƙarfe da ke haɗa ƙasan liba da giyabos, ga kilif a matsattsen wuri, ga farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, tana wucewa dab da wurin. Tunda sabuwar sandar ta fi tsawo ta ƙasa, dole a tabbatar ba ta gogar farfela a kowace giya. Masu waɗannan motoci da dama sukan ɗauki sandar BMW Z3 su sa, domin ta kamfani ce kuma zangonta ya fi gajarta; mu ma mun fi natsuwa da wannan hanyar. Motoci masu ja da gaba da ke amfani da waya, kamar Golf GTI daga Golf 4 zuwa sama, su kuma a ƙarƙashin bonet ake sauya wani ƙarfe a kan giyabos, a sake saita wayoyin. Golf 3 ɗin da ta cika tashoshinmu, yawancinta sandunan ƙarfe ne, kayan Golf 4 ba sa hawa kanta.

Ku sani kuma ƙara za ta ɗan ƙaru. Sandar kamfani tana da roba a cikinta mai shanye girgiza, na kasuwa da yawa ƙarfe ne zalla, sai ka riƙa jin zuzu a hannu idan inji ya ɗau wuta. Da sanyin safiya a hunturu giya za ta yi tauri har mai ya ɗumama. Kuma wanda kullum yana cikin cunkoson kasuwa, ɗaya biyu, ɗaya biyu, ya yi tunani ko kafaɗarsa za ta so hakan. Maganar man giyabos: muna bin abin da littafin motar ya ce. In ya ce a zuba nau'in GL-4, ba ma zuba nau'in GL-5, domin wasu daga cikinsu ba sa shiri da tagulla.

Abu ɗaya da ba ma yi sam shi ne yanke sanda a kai wa mai walda. An sha roƙon mu, wai ya fi araha. Yanke saman yana sauke kan giya ne ya yi nisa da sitiyari, walda a ƙasan kuwa tana iya karyewa, kuma ranar da za ta karye ba za ta yi sallama ba. Ka ɗauka kana tsakanin Jega da Koko, kana wuce tirela, sanda ta zo maka a hannu. Ba za mu ɗauki alhakin ran kowa ba. Haka nan marasa suna da ake sayarwa da arha, waɗanda ƙwallonsu ke kwance tun a kwali, za mu mayar maka da abinka. Kamfanoni irin su B&M da Hurst sun daɗe a wannan sana'a, amma su ma ana buga jabunsu, don haka a duba wurin saye.

Ƙannenmu masu wasan mota a wajen biki, don Allah ku yi haƙuri da mu, ba don wannan muke aikin ba. Titin gari na yara ne da masu babur da masu tura kura, kuma dokar hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar da ƙaramar mota a gudun kilomita 50 a awa a cikin gari.

Wanda ke son aikin, kafin ya saya ya turo mana hoton lambar shasi da shekarar motar da yawan giyarta, mu duba masa wadda za ta hau, domin samfuri ɗaya yakan zo da giyabos iri biyu. A kawo mota da safe, inji da salansa su huce kafin a shiga ƙarƙashi. In babu matsala aikin ba ya kwana. Bayan mun gama za mu gwada kowace giya inji a kashe, mu sake gwadawa a kan hanya tare da kai. Tsohuwar sandarka da notinta za mu ɗaure maka a leda, ka adana, domin in ba ka ji daɗin sabuwar ba ko ka tashi sayar da motar ana iya mayar da ita. Bayan mako biyu ka dawo mu sake ɗaure notuna, wannan ba ma karɓar ko kwabo. Ranar Juma'a muna rufewa kafin masallaci, sai bayan la'asar.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.

Naku,
Mai gareji da yaran aiki,
Birnin Kebbi