A kula da kushewun Durɓi Takusheyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na ziyarci Durɓi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani, jihar Katsina, inda tsoffin kushewun sarakuna suke. Mai wucewa zai ɗauka tuddan ƙasa ne kawai a bakin gonaki. Alhali a 1907 Baturen mulki Palmer ya haƙa wasu, aka sake tono a 1992, aka samu kayan zinariya, tasoshin tagulla, duwatsun wuya da wuri irin na kuɗin da, wasunsu an kawo su daga ƙasashe masu nisa tun kafin zuwan Turawa.

Abin ya tsaya mini a rai, domin 'ya'yanmu da yawa ko sunan wurin ba su taɓa ji ba. Don Allah hukumomi su tsare shi daga zaizayar ruwa, malamai kuma su riƙa kai ɗalibai.

Naka,
Mai karatu daga Katsina