Surukai na so ƙanwata ta koma ƙauye ta haihu, ga hawan jini

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Rigasa, ina sana'ar ɗinki. Don Allah a sakaya sunana, domin maganar ta shafi surukai.

Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, an aurar da ita a wani ƙauye a yankin Birnin Gwari. A ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma hana hawa babur saboda 'yan bindiga, naƙudar fari ta kama ta. Kwana biyu tana durƙushe, ba waya, ba abin hawa, ba kuma wanda zai iya ratsa daji da dare. Ungozoma ta yi iya yinta, amma ɗan bai zo da rai ba. Allah Ya tsare ta daga yoyon fitsari, don maƙwabciyarta da ta yi irin wannan doguwar naƙuda har yau da shi take fama. Ba a jima ba aka afka wa ƙauyen, suka gudo Kaduna daga su sai kayan jikinsu. Muka ba su ɗaki a gidanmu, mijin ya kama dako a kasuwa.

Yanzu cikinta wata bakwai. Da ƙyar na shawo kanta ta fara zuwa awo a ƙaramin asibitin unguwa, inda aka yi mata allurar rigakafi, aka ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. A awon da ya wuce nas ta gwada jininta sau biyu, ta ce 150 bisa 100 ne, alhali da zarar na mai ciki ya kai 140 bisa 90 ya zama abin dubawa. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, in aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Zoben hannunta ma sai da sabulu muka zare shi. Nas ta ba ta magani, ta ce da ta ji matsanancin ciwon kai ko ta fara gani dishi-dishi mu garzaya babban asibiti ko da tsakar dare ne, domin jijjiga na iya biyo baya. Ta kuma ja mana kunne kada ta haihu a gida.

To Hajiya, tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane suka soma komawa gida. Uwar mijinta ta koma, ta gyara ɗaki, ta tara itacen wankan jego, kullum sai ta aiko a mayar mata da surukarta. Ta ce kumburin zaƙi ne, har jiƙo ta aiko da shi a jarka. Ta ce ita 'ya'ya tara ta haifa a ɗakinta, kuma goyon ciki na haihuwar fari ne, wannan kuwa ta biyu ce. Wallahi ban ga laifin tsohuwa ba, ta rasa jika, ta rasa rumbu, so take ta ga gidanta ya sake cika. Amma daga can zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, jijjiga kuwa ba ta jiran a nemo mota.

Mijin mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya musa wa mahaifiyarsa, ga gona tana kiransa, ga tsoron kuɗi in aka ce sai an yi mata aiki. Ƙanwata kuma kunya ba ta barinta ta ce uffan. Ni da nake kwana kusa da ita na san halin da take ciki. In babur ya wuce da dare sai ta zabura ta rarumi mayafi ta nufi ƙofa, jikinta yana ɓari, daga nan ba ta ƙara runtsawa. Iyayenmu sun rasu, ni ce uwa ni ce uba, amma aure ya ba wasu iko a kanta fiye da ni.

Ta yaya zan tunkari wannan baiwar Allah ta haƙura har a sauka lafiya, ba tare da ta ga na raina ta ko ina neman kashe auren ƙanwata ba? Maigidana ya ce mu nemi limamin unguwa ya zauna da mijin, ni kuma ina tunanin in ja shi awo ya ji daga bakin nas. Wanne ya fi dacewa a fara? Ina kuma roƙon ki tambayar mana likita ko wannan firgita tana ƙara mata hawan jinin, da kuma ko mai irin larurarta za ta iya shan kunun kanwa da yin wankan jego da tafasasshen ruwa. In akwai hanyar da 'yan gudun hijira za su yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, don samun sauƙin kuɗin asibiti, a taimaka a faɗa mana, domin tsohuwa ta ce ƙarshen wata za ta turo ƙanin mijin ya tafi da ita.

Wassalam,
'Yar'uwarki daga Rigasa, Kaduna.