Zuwa Ga Shugaban Birnin Yamai: A Hannun Wa Hotunanmu Suke?

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni Ba'adare ne daga Tawa, salula nake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma na girmi ginin da nake zaune a ciki, don ina yaro kasuwar ta ƙone a 1982, aka sake buɗe ta a 1987. Ƙaramar Kasuwa kuwa a gaban idonmu wuta ta cinye ta a 2012. Mun san asara, shi ya sa duk wanda Allah ya hore wa ɗan jari yanzu sai ka ga ya rataya kamara a ƙofar butik ɗinsa. Ka zagaya kasuwar Wadata, ka shiga ta Katako, ka leƙa gidajen mai da wuraren aika kuɗi, ko'ina ido ne na gilashi yana kallonka.

Ni ma na saya, kuɗin rago biyu ta ci mini. Daren da aka ɓalle mini kwaɗo a ma'ajiyata ta unguwa, kuran ya ɗauke tun bayan isha'i, batirin kuma zafin Afrilu ya riga ya dafa shi. Da safe na kunna akwatin naɗar hoto, duhu kawai na samu. Maƙwabcina tasa ta ɗauka, amma ƙurar hunturu ta yi wata uku a kan gilashin ba a goge ba, sai inuwar mutum da hula. Wani kuma ɓarayin har akwatin suka cire suka tafi da shi, suka bar masa kamarar tana kallon bango. Kowa ya tuna yadda muka kwana cikin duhu a Agustan 2023 da Najeriya ta katse mana wuta. Idan birni zai kafa kamarori a shataletale da bakin Gadar Kennedy da tashoshin mota, a haɗa kowace da faifan hasken rana, a kuma ɗauki wanda aikinsa shi ne hawa tsani ya goge ta. Wannan kuɗi ne ke maganinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Kwanaki aka sace jakar wata hajiya a layinmu. Mai shagon da ke kusa ya duba naɗinsa, ya ga wani yaro ɗan dako ya gifta da sauri, sai ya ɗauki allon da salularsa ya jefa a WhatsApp da rubutu a ƙasa: ga ɓarawon. Kafin la'asar hoton ya kai unguwar Harobanda a ƙetaren kogi, ya kai ƙauyen su yaron. Washegari aka tare shi a bakin ƙofar kasuwa, ba don dattawa sun shiga tsakani ba da gawarsa za a ɗauka. Daga baya ta bayyana aikensa aka yi ya kai kaya tasha, jakar kuma wani ne ya ɗauke ta ta baya, inda kamarar ba ta gani. Hoton ƙarya ya zaga gari cikin yini guda, labarin wanke shi kuwa ba wanda ya tura. Har yau ba mai ba shi dako.

Ranka ya daɗe, doka tana nan. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, an sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, da aka ɗora wa aikin. Fuskar mutum a cikin naɗi bayaninsa ce. Amma ka tambayi mutum goma a layinmu, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunanta. Mai kafa kamara yakan zo ya huda bango, ya karɓi kuɗinsa, kuma sau da yawa shi ya zaɓa maka lambar sirri, ma'ana yana gidansa zai iya kallon cinikinka da matan da ke shiga gwada kaya a shagon tela. Wannan ma da na gane shi sai da gabana ya faɗi.

Roƙona, ma'aikatarka ta zauna da wannan hukuma da shugabannin 'yan kasuwa a fitar da ƙa'ida gajera, da Hausa da Zabarmanci, a karanta ta a rediyo, kada a bar ta da Faransanci cikin kabad. Duk inda kamara take a rubuta a ƙofa. A faɗi kwana nawa ake ajiye naɗi kafin a shafe. Idan an yi sata, komisariya za a kai hoton, kuma a can a samu jami'in da ya iya karɓarsa ya ba ka takarda, don da yawa daga masu jefawa a WhatsApp suna cewa sun rasa wanda za su miƙa wa ne. Wanda ya yaɗa fuskar mutum da sunan ɓarawo ba tare da bincike ba, a kira shi ya amsa.

Yaron nan yana kwana kusa da masallacin layinmu. Idan ka aiko wakili, ni zan kai shi wurinsa.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Babbar Kasuwa, Yamai