Yawan taro daban, yawan daliget daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na siyasar Amurka ranar Asabar ya yaudari masu sauraro, kuma mai gabatarwa ya zuba masa ido har aka rufe shirin. Wai ɗan takara mai ra'ayin Libatariyan, irin masu cewa gwamnati ta cire hannunta daga aljihun mutane da rayuwarsu, zai iya lashe zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Republican tunda matasa na bin sa, kuɗi kuma na shigo masa ta intanet. Haba! Ai an gwada wannan har sau biyu da Ron Paul, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Texas mai irin wannan ra'ayi, kowa ya ga inda aka kwana.

Kuɗi dai ya samu. A rana guda, 16 ga Disamba 2007, magoya bayansa sun tara masa kusan dala miliyan 6. Ko jiha ɗaya bai ci ba a 2008. A 2012 ya fi ƙarfi: na uku a Iowa da kashi 21, na biyu a New Hampshire da kusan kashi 23. Daga nan sai gangara, kashi 13 a South Carolina, kashi 7 a Florida. Dalili a fili yake. New Hampshire tana barin waɗanda ba su da jam'iyya su jefa ƙuri'a, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Florida kuwa sai mai rajistar Republican, yawancinsu dattawa, sannan wanda ya zo na ɗaya shi ya kwashe daliget ɗin jihar gaba ɗaya. Kashi 7 ɗin nan ko daliget ɗaya bai haifar ba.

Baƙonku bai ma taɓo batun manufofin waje ba, alhali nan ne gizo ke saƙar. A muhawarar South Carolina ta Janairun 2012, da Paul ya ce kada Amurka ta yi wa wasu ƙasashe abin da ba ta so a yi mata, ihu 'yan kallo suka yi masa a cikin zauren. Mutumin da ke cewa a dawo da sojoji gida, a daina bai wa kowace ƙasa tallafi har da Isra'ila, da wuya ya shiga zuciyar masu zaɓen Republican na jihohin kudu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya tsallake lissafin daliget, wanda mu nan Najeriya ba baƙonmu ba ne. A 2012 ana bukatar 1,144 kafin a ba mutum tuta. Mutanen Paul sun yi wayo sosai, wannan kam dole a yaba musu. A Iowa ƙuri'ar daren taron unguwanni ba ta ɗaure kowa a lokacin. Jama'a na gama jefawa sai su tafi gida, su kuwa su zauna daram har a zo zaɓen wakilan da za su je taron gunduma, daga can zuwa na jiha. Da haka wanda ya zo na uku ya tashi da daliget 22 cikin 28 na Iowa. Sun yi irin haka a Minnesota da Maine. To me ya biyo baya? A babban taron jam'iyyar na ƙasa a birnin Tampa uwar jam'iyya ta tsige rabin daliget ɗinsa na Maine, ya ƙare da ƙuri'a 190, Mitt Romney na da sama da 2,000. A taron ne kuma aka sauya doka: maimakon rinjaye a jihohi 5 kafin a gabatar da sunan ɗan takara, aka mayar da shi fiye da rabin daliget a jihohi 8, aka kuma tilasta wa daliget bin sakamakon ƙuri'ar jama'a. Ƙofar da suka bi an toshe ta ke nan. Ɗansa Rand Paul ya fito a 2016, bai kai kashi 5 ba a Iowa, ya janye bayan kwana biyu.

Idan kuma baƙon yana nufin a fice a tsaya a jam'iyyar Libertarian ne, sai ya faɗa. Gary Johnson, tsohon gwamnan jihar New Mexico, ya yi hakan, a 2016 ya samu kashi 3 da ɗoriya, ba a ma bar shi ya hau dandalin muhawara ba don bai kai kashi 15 da ake nema a ƙuri'ar jin ra'ayi ba.

Sannan don Allah ku duba layin wayar da kuke haɗa baƙi da shi. Rabin maganar mutumin ƙara ce kawai, ga kiɗan da kuke sakawa a ƙasa yana danne murya, wanda ke sauraro a ƙaramar rediyo sai ya manna ta a kunne. Ku gyara, kuma in za ku sake wannan batu ku nemo wanda ya san dokokin jihohin.

Mai sauraronku,
daga Zariya